Yadda ƙungiyar makaɗa za ta kafa situdiyon ɗaukar sauti a gida da kuɗi kaɗan a Akra

Kusan kowace ƙungiyar makaɗa a zangunan Akra, daga Nima da Mamobi har Sabon Zango, Fadama da Madina, ta taɓa faɗawa cikin wannan hali: an yi makonni ana tara abin da aka samu a wuraren biki da suna, an kama situdiyon haya na awa huɗu, awa biyu sun tafi wajen jera makirufo da ɗaure ganguna, sannan daidai lokacin da muryar mawaƙi ta buɗe, kiɗa ya fara zama, sai mai situdiyo ya ɗaga kai ya dubi agogo. Abin da ya kori ƙungiyarmu daga situdiyon haya ke nan, har muka mayar da wani ɗaki a gidan haya wurin ɗaukar sauti da kwamfuta guda. Da gangan na jera bayanin da ke tafe yadda na jera shi, domin yawancin masu farawa makirufo mai tsada suke fara nema, alhali a wannan gari ɗaki da wutar lantarki ne suke gyara sauti ko su ɓata shi tun kafin ya isa kwamfuta.

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, ya kamata ƙungiya ta zauna ta amsa tambaya guda: kowa za a ɗauka a lokaci ɗaya, ko bi da bi za a yi? Idan bi da bi ne, wato mai ganga ya fara, mai bes ya hau kai, jita da kibod su biyo baya, murya ta zo daga ƙarshe, to na'ura mai ƙofofin shigar sauti biyu zuwa huɗu ta wadatar, kuma ƙaramin ɗaki ma zai yi. Idan kuwa kiɗan ƙungiyar irin wanda ake yi da kallon ido ne, inda mai kalangu yake bin bakin mawaƙi, 'yan amshi suna jiran alamar hannu, to raba su zai rage armashin abin, kuma dole a nemi ƙofofi takwas da ɗaki mai ɗan faɗi. Mu hanya ta tsakiya muka zauna a kai: ana ɗaukar ganguna da bes tare, mawaƙi yana rerawa a hankali domin ya yi musu jagora, daga baya a share wannan murya a ɗora ta gaske. Amsar tambayar ita ce za ta faɗi yawan makirufo da wayoyi da girman na'ura, kuma wanda ya tsallake ta sau biyu zai je kasuwa.

A batun ɗaki akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato hana sauti shiga da fita, da kuma gyara yadda yake yawo a ciki. Na farko yana buƙatar katanga mai kauri da ƙofa mai nauyi da toshe duk wata kafa da iska ke bi, kuma wannan aikin gini ne da ɗan haya ba zai iya ba. Abin da zai iya shi ne zaɓe: ya nemi ɗakin da ke can ƙuryar gida, nesa da titin da motocin haya na trotro ke bi, wanda yake da silin a ƙarƙashin kwano, domin ƙarar ruwan sama a kan kwano tsirara babu manhajar da za ta cire ta. Tagogin luba, masu jerin fallayen gilashi, da suka cika gidajen Akra su ne babbar kafa. Mu kafinta muka sa ya yanka katako mai kauri daidai bakin tagar, aka manna masa soso a gefuna, ana cusa shi lokacin ɗauka a cire bayan an gama domin a sha iska. Ƙasan ƙofa kuma tsohon tawul ya ishe shi.

Na biyun shi ne inda kuɗi kaɗan yake yin aiki mai yawa. Mutum ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sannan ya kasa kunne. Idan ya ji wata siririyar ƙara tana karkarwa tsakanin bango da bango kamar an kaɗa waya, to ita ce za ta hau kan kowace murya da aka ɗauka, kuma ɗaki mai tayil da bango tsirara, musamman wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya, ya fi kowane muni. Kiret ɗin ƙwai da ake gani an manna a bangon wasu situdiyo ado ne kawai, ga shi kuma abincin gobara. Siririn soso ma siraran muryoyi masu kaifi kaɗai yake sha, ya bar masu kauri suna gurnani, dalili kuwa shi ne igiyar sauti mai 100 Hz, wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawonta ya kai kusan mita 3.4, saboda haka abu mai kaurin yatsa biyu ba ya tare ta. Abin da ke aiki shi ne kafinta ya haɗa firam na katako mai zurfin santimita 10, a cika shi da ulun dutsen da ake sa wa gini domin tare zafi, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin yadin ba shi da wuya: a kara shi a baki a hura, idan numfashi ya fita ta ɗaya gefen to ya yi, kuma tsohuwar atamfa takan ci wannan jarrabawa. A sa safar hannu da takunkumi wajen aikin, domin ulun yana sa ƙaiƙayi. A fara da kusurwoyin ɗaki, inda sauti mai kauri yake taruwa, sai bangon dama da hagu na wurin zama, sai bayan mawaƙi. Wanda bai kai ga wannan ba tukuna, katifa biyu a tsaye a kusurwa, da bargo mai nauyi a rataye ɗan nesa da bango, da darduma a ƙasa, za su kai shi rabin hanya. Kada dai a lulluɓe ɗakin gaba ɗaya, domin ganga a ɗakin da ya mutu murus kamar bugun kwali take fita.

Maƙwabta ma wani ɓangare ne na ɗakin. Tun kafin ganga ta farko ta shigo gida muka je muka durƙusa gaban mai gidanmu, babbanmu ya ce, "Baba Alhaji, izini muka zo nema, ba za mu taɓa ganga ba sai hantsi ya yi, kuma da an kira salla za mu dakata." Ya amince, da sharaɗin ban da ranar Juma'a. Tsakanin hantsi da azahar, lokacin da yara suke makaranta, shi ne lokacin ganguna, murya da jita kuma sun fi kyau da dare bayan titi ya lafa. Safiyar Lahadi ta lasifikokin coci ce, kada a sa rai da ita. A kuma tuna cewa masarautar Ga, ta 'yan asalin Akra, tana kafa dokar hana kiɗa da hayaniya ta kusan wata guda kowace shekara, galibi daga Mayu zuwa Yuni, gabanin bikinsu na gargajiya na Homowo. A tsara aiki yadda za a gama ɗaukar ganguna kafin lokacin, a bar watan domin gyara da haɗa sauti da hedfon a kunne.

Sai wuta, wadda duk wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta na shekarar 2015, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kanta. Wutar Ghana volt 230 ce a kan 50 Hz, saboda haka kayan da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, inda ake amfani da volt 120, sai an karanta bayansu kafin a jona, in ba haka ba hayaƙi ne zai ba da labari. Ya kamata a sami sitabilaiza domin hawa da saukar wuta, da ƙaramin UPS, wato batirin ko-ta-kwana, wanda zai ba da 'yan mintuna a adana aiki. Mun taɓa yin asarar ɗauka mafi kyau ta wata waƙa, wadda mai kalangunmu bai sake buga irinta ba, saboda an ɗauke wuta ana saura baiti ɗaya, kuma kwamfutar tebur ce ba ta da batir. Tun daga ranar na fi son laftof, domin shi da na'urar sauti mai shan wuta ta USB za su ci gaba da aiki ko unguwa ta yi duhu.

Matsalar da ta fi ɗauke wuta cin rai ita ce gurnanin nan mai kauri da ke kwance a ƙarƙashin sauti, wanda yake fitowa daga 50 Hz ɗin wutar kanta. Yawanci sanadinsa rashin wayar ƙasa mai kyau ne a gidan, ko kuma an jona kaya a soket daban-daban. A jona kayan sauti duka a kan layin soket ɗaya mai inganci, a raba su da firji da dutsen guga, kuma a nisanta wayoyin makirufo daga wayoyin wuta. In dole su haɗu, su gitta juna maimakon su kwanta tare. Idan gurnanin bai tafi ba, a zare cajar laftof a saurara: in ya ɓace, caja ce mai laifi, a sauya ta da ta asali. Abin da ba a yi ko kusa shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi domin a kashe gurnani. Idan mai jita ya ji tsirkiya tana ɗan jansa, ko mawaƙi ya ji makirufo yana tsunkulin leɓensa, a kashe komai a kira mai gyaran wuta ya kafa wayar ƙasa, domin wannan batun rai ne. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki kuma a kashe su lokacin ɗauka, a kunna tsakanin waƙa da waƙa.

Kwamfuta ba ta buƙatar dogon tunani. Tsofaffin laftof na ofis irin su ThinkPad, Latitude ko EliteBook, waɗanda suka cika shagunan Circle da Tip Toe Lane, sun isa, muddin suna da Core i5 ko sama, da RAM na gigabait 8, gara ma 16, da ma'ajiya irin ta SSD. A gwada kowace ƙofar USB a gaban mai shago, a duba lafiyar batir, a kuma kara kunne a ji ko fankarsa tana da ƙara. Kwamfutar ta zama ta situdiyo kaɗai, ba wadda ake kallon ƙwallo da ita ba.

Na'urar da ke tsakanin makirufo da kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira sawunkad, ita ce za a saya bisa amsar tambayar farko. Focusrite Scarlett 2i2 ƙofa biyu take da su, Behringer UMC404HD huɗu, Behringer UMC1820 da Tascam US-16x08 kuma kowace tana karɓar makirufo takwas. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko miksar da ake zuwa biki da ita a jona ta da kwamfuta; da yawa daga masu araha layi biyu kawai suke aikawa, na hagu da na dama, ko da ƙofofinsu sun kai sha biyu, ma'ana idan kalangu ya danne murya ba za a iya raba su daga baya ba. A kan Windows, a sauke manhajar ASIO ta kamfanin na'urar daga shafinsa, a sa bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, a kan 128 ko 256 lokacin ɗauka domin kada mawaƙi ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa a makare, a ɗaga ta zuwa 1024 lokacin haɗa sauti domin kwamfuta ta sarara.

Makirufo iri biyu ne suka shafe mu. Dainamik, irin su Shure SM57 da SM58, waɗanda ake ƙerawa tun shekarun 1960, suna jure duka da danshi, kuma ba su cika jawo abin da ke nesa ba. Kondensa, irin su Audio-Technica AT2020, sun fi kama daki-dakin murya, suna buƙatar a danna maɓallin 48V a jikin na'ura, amma da muryar mawaƙi da kukan akuyar maƙwabta da mai tallan koko duk ɗaya suke a wurinsu. A ra'ayina, ƙungiyar da ke cikin zango ta fara da dainamik uku ko huɗu, ta ƙara kondensa biyu iri ɗaya domin saman ganguna da 'yan amshi. A kula da jabu, domin SM58 na cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya. Ni kaina na taɓa sayen ɗaya a wani shago a kan farashin da ya sa na yi ta murna har gida, sai da aka jona shi kusa da na gaske muka ji nawa kamar mutum yana magana ta cikin gwangwani. Araha ba ta ado. A tafi kasuwa da wanda ya san na asali, a gwada kafin a biya, ko a Zongo Lane ne ko a hannun wanda aka haɗu da shi a intanet.

Ƙananan kaya su ne suke cinye kuɗin da ba a lissafa ba, saboda haka a ware musu kaso tun farko: wayoyin XLR masu ƙafa uku, sandunan tsayar da makirufo, akwatin DI, wanda ke shigar da sautin bes cikin na'ura kai tsaye, da tacen iska na gaban mawaƙi, wanda ana iya yinsa da siririyar safa a kan zoben waya. Hedfon ya zama rufaffe, irin Audio-Technica ATH-M20x ko Sony MDR-7506, domin kada kiɗan da ke cikinsa ya zubo cikin makirufo, kuma ƙaramin Behringer HA400 zai raba sauti ga mutum huɗu. Lasifikokin situdiyo za su iya jira. Idan an samu, a ajiye su daidai tsayin kunne, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kan mai sauraro. A wajen manhaja, Audacity kyauta ce amma ta yi ƙanƙanta ga aikin ƙungiya. Reaper nake ba da shawara, domin ba ta da nauyi, ana gwada ta kyauta na kwana 60, kuma lasisinta na mai ƙaramin aiki dala 60 ne. FL Studio, wadda matasan Ghana suka fi sabawa da ita, ta fi ƙarfi a wajen haɗa kiɗan kwamfuta. Manhajar sata kuwa ranar da aka fi buƙatarta take tsayawa.

Ranar ɗauka, a saita aikin a kan bit 24 da 48 kHz. A sa kowa ya buga wuri mafi ƙarfi na waƙar, a juya maɓallin ƙarfi har ma'auni ya riƙa yawo wajen -18, ƙololuwarsa kada ta wuce -6. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya, wanda ya taɓa ja ya fashe kuwa ya tafi ke nan. Saitin ganguna ba ya buƙatar makirufo goma. Akwai tsarin da ake dangantawa da injiniyan nan na Ingila, Glyn Johns: makirufo ɗaya a sama da siniya, wato ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙasanta, da kusan mita guda, na biyu a gefen babbar gangar da ke hannun daman makaɗi yana kallon siniyar, na uku a gaban gangar ƙafa. Sirrin shi ne na farko da na biyu su kasance nisa ɗaya daga tsakiyar siniya. Mu igiya muke amfani da ita, mutum ɗaya ya danne bakinta a tsakiyar fata da yatsa, ɗaya ya kai ta ga wannan makirufo sannan ga wancan. Idan nisan ya bambanta, sautin yana isa gare su a lokaci daban, sai su riƙa cin juna, ganga ta fito siririya.

Kalangu yana da nasa hali. Makaɗi ba ya tsayuwa wuri ɗaya, kuma tsirkiyoyin da yake matsewa a hammata suna da ƙara tasu, saboda haka kada a manna masa makirufo. A ja da baya kamar taku ɗaya, a fuskanci fatar da ake bugawa, a yi wa makaɗin alama da alli a ƙasa inda zai tsaya. Bes ya shiga kai tsaye ta akwatin DI. Amfilifayar jita a sa mata SM57 kusa da lasifika, ɗan gefe da tsakiya. Mawaƙi ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, bayansa yana ga katifa ko bargo, 'yan amshi kuma su yi rabin da'ira a gaban makirufo guda, mai babbar murya ya ja baya. Idan bi da bi ake yi, a yi atisaye da ƙararrawar auna lokaci mako guda kafin ranar, domin makaɗin da bai saba da ita ba yakan ɗauke ta a matsayin raini.

Wajen haɗa sauti, a fara da daidaita ƙarfin kowane layi da rarraba su hagu da dama kafin a taɓa wani abu. A yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz daga murya da jita da kalangu, a bar wurin ga bes da gangar ƙafa, kuma a yi hankali da amsa-kuwwar manhaja, wadda mawaƙanmu suke so fiye da kima har kalmomi su nutse. A saurari sakamakon a waya, da ƙaramar lasifikar Bluetooth, da cikin mota, domin a nan jama'a za su ji shi. A fitar da shi a matsayin WAV a ajiye, MP3 ya zama na rabawa.

Kowane layi yana cin kusan megabait 8.6 a minti ɗaya, wato waƙar minti biyar mai layi 16 ta doshi megabait 700 a ɗauka guda, saboda haka a sami ma'ajiya ta waje a kwafe aikin kowace rana, a ajiye ta a wani gida daban. Danshin Akra yana sa tsatsa a bakin wayoyi, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta. A rufe kaya da yadi, kondensa kuma su kwana a akwati tare da ƙananan ƙunshin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Tun da kuɗin haɗaka ne, a rubuta a takarda wanda ya sayi me, da wanda zai riƙe mabuɗi, da yadda za a yi da kason wanda ya bar ƙungiya. Kowace waƙa kuma, tun ranar da aka ɗauke ta, a rubuta sunan wanda ya tsara baitoci da wanda ya tsara kiɗa da kason kowa, duka su sa hannu, domin da wannan bayani za a yi rajistarta a ofishin kare haƙƙin mallaka da kuma GHAMRO, wadda take karɓar wa mawaƙa kuɗinsu daga gidajen rediyo da sauran masu amfani da waƙa.